Wai Shafaffe Ya Fi Ƙarfin Tambaya? Ku Buɗe Littafin Mu Gani



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne abin da ya faru bayan sujadar Hausa a wata majami'a a nan Utako. Wani bawan Allah, direba a tashar mota, ya miƙe ya tambayi inda kuɗin ginin da muka daɗe muna tarawa ya shiga. Kafin ya rufe baki wani dattijo ya jefe shi da Zabura 105:15, wai an hana taɓa shafaffen Allah. Kowa ya yi tsit. Ni ma na yi shiru, kuma shirun nan ne ya hana ni barci.

Jama'a, ban musa cewa Allah yana zaɓen shugaba ya kuma ba shi iko ba. Amma mu duba yadda yake bayarwa. Gidiyon ya fita da mutum 32,000, Allah ya rage su zuwa 300 don kada Isra'ila ta yi fahariya (Mahukunta 7). Da kaya suka yi wa Musa nauyi, Allah ya ɗiba daga Ruhun da ke kansa ya sa wa dattawa 70 (Littafin Ƙidaya 11), wato ikon ma raba shi aka yi. Tun kafin a naɗa sarki na farko, Maimaitawar Shari'a 17 ta hana sarki tara dawakai da mata da zinariya, ta kuma wajabta masa karatun shari'a kullum.

To, shi Saul fa? Annabi Sama'ila ne ya zuba masa mai, Ruhu ya sauko masa, amma da ya ƙi biyayya Sama'ilan nan ne ya tsawata masa, Ruhun kuma ya rabu da shi (1 Sama'ila 15 da 16). Da Dawuda ya ƙwace matar Uriya, Natan ya shiga har fada ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Dawuda bai kafa masa hujja da man da ke kansa ba, tuba ya yi. Shi Dawuda da ya ƙi kashe Saul a kogo, ai bai fasa fitowa ya tuhume shi da baki ba. Ashe kisa aka hana, tambaya kuwa halal ce.

Ita kanta Zabura 105, ku karanta daga aya 9 ku ji. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu take yi, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi masu yawo a ƙasar wasu, kuma sarakuna aka ja wa kunne saboda su. Wa ya fi kama da waɗannan baƙi, direban nan ko mai zaune a kujerar gaba? An ɗauki garkuwar talaka an miƙa wa mai mulki. Haka aka yi mana a zaɓen 2023, kowane ɗan takara da masu rantsuwa cewa shi Allah ya nuna musu.

Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa sun sha wahala har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, domin mu karanta da idonmu. Abin kunya ne a tsorata mu da rabin aya.

Shawarata ita ce, mu girmama fastocinmu, mu yi musu addu'a, amma a taro mai zuwa a karanta lissafin kuɗin nan a gaban kowa. Mai gaskiya ba ya gudun awo. In direban ya sake miƙewa, ni ma zan miƙe.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa, amin.