Sharhi: In kamfani ya tashi, wa yake bari da kuɗin haya?

Masu iya magana na cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana shige da fice tsakanin Kusuri da Njamena ya san cewa ba kaya kaɗai ke ƙaura ba, kamfanoni ma suna tashi daga wannan yanki su sauka a wancan. Kuma duk lokacin da suka motsa, abubuwa uku kan motsa tare da su: hanyar da manyan motoci ke bi, kuɗin hayar gida da na shago, da kuma bakin 'yan siyasa. Unguwar Digel, wadda ke gunduma ta 8 a birnin Njamena, ta ɗanɗani ukun duka.

Mu fara da man fetur. A shekarar 2003 ne Cadi ta soma fitar da mai daga yankin Doba da ke kudu, ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru, a ƙarƙashin jagorancin kamfanin Esso na Amurka. Rijiyoyin suna kudu, amma ofisoshi da 'yan kwangila da masu albashi mai tsoka Njamena suka tare. Ƙidayar 1993 ta nuna birnin na da mutum dubu 530 da 'yan kai, ta 2009 kuwa ta kai shi sama da dubu 950. Ba mai ne kaɗai ya jawo wannan ba, amma ya taimaka ƙwarai. Mai gida a tsakiyar gari ya ga kamfani zai biya shi hayar shekara a dunƙule, don haka ya sallami ɗan tireda. Shi kuma ɗan tireda ya nufi bakin gari, irin su Digel da Njari da Guji. Hatta babban otal ɗin da kuɗin Libiya ya gina, wanda aka sani da Kempinski kafin ya koma Ledger Plaza, a Digel ta gabas aka kafa shi.

Sai dai mai karatu ya lura da inda gizo ke saƙar. Mutane sun riga magudanan ruwa isa waɗannan unguwanni. Filin da aka sayar da araha da rani, da damina sai ga shi tafki, kamar yadda mazauna gunduma ta 8 suka gani a ambaliyar 2020. Haka nan rusau ɗin da hukuma ta yi a wasu unguwannin birnin bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008 ya ƙara tura dubban jama'a bayan gari. Wato abin da aka rage a kuɗin haya, an biya shi a kuɗin mota da gyaran bango.

Mataki na biyu shi ne matatar Jarmaya, kimanin kilomita 40 arewa da Njamena, wadda aka buɗe a watan Yunin 2011. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin ɗari, Cadi na da 40, kuma an gina ta ne don tace ganga dubu 20 a rana. Kafin nan, galibin fetur da gas ɗin da ake ƙonawa a Njamena daga Najeriya da Kamaru suke shigowa, kuma 'yan uwanmu da dama da wannan fatauci suka gina gidajensu. Da matatar ta fara aiki, tankokin da ke shigowa ta gadar Ngeli sai suka koma lodi a arewa. Faɗuwar wani tashin wani. Siyasa ma ba ta tsaya kallo ba, domin a Janairun 2012 gwamnati ta rufe matatar na ɗan lokaci saboda saɓani da kamfanin kan farashi, aka shiga layin mai a gari.

Na uku kuwa ba kamfani ne ya zaɓa ba, tilas ce. Hanyar Maiduguri zuwa Gamborun Ngala, a tsallaka Fotokol a faɗo Kusuri, ba ta kai kilomita 300 ba, kuma ita ce jijiyar cinikin shanu da atamfa da kayan masarufi tsakanin Kano da Cadi. Bayan harin Boko Haram a Gamboru a watan Mayun 2014, hanyar ta mutu na tsawon lokaci. Masu motocin haya da dillalai suka kwashe harkarsu, wasu ta Difa a Nijar, wasu ta Yola da Garwa. Daga baya an sake buɗe hanyar da rakiyar sojoji, amma wanda ya riga ya kafa rumbu a wani gari ba ya komawa don an ce masa an samu sauƙi.

Shi kansa Esso ya tattara nasa ya nasa. A Disambar 2022 ya sayar da hannun jarinsa ga kamfanin Savannah Energy na Ingila a kan dala miliyan 407. Gwamnatin Cadi ta ce ba ta san zance ba, a Maris ɗin 2023 ta mayar da kadarorin mallakar ƙasa, har ta janye jakadanta daga Kamaru a watan Afrilu a kan wannan rigima. Ka ga ciniki tsakanin kamfanoni biyu na Turawa ya kusa shafar iyakar da abincinmu ke ratsawa.

Kada a ɗauka Cadi ce kaɗai. A Janairun 2024, da aka bayyana mayar da hedkwatar hukumar filayen jiragen sama ta Najeriya, FAAN, da wasu sassan Babban Banki daga Abuja zuwa Legas, sanatoci da ƙungiyoyin Arewa sun yi caa, har Sanata Ali Ndume ya yi gargaɗin cewa abin zai yi tasiri a siyasa. Hukumomin sun ce aiki ne ya sa. Amma 'yan siyasa sun san abin da ɗan kasuwa ya sani: ofis ba ya tafiya shi kaɗai, yana tafiya da masu cin abinci, masu haya, masu kai yara makaranta, da masu ƙuri'a.

To yanzu ina aka dosa? A Afrilun 2025 aka buɗe gadar da ta haɗa Yaguwa ta Kamaru da Bongor ta Cadi a kan kogin Logon. Kafin ita, motar da ta ɗauko kaya daga Duwala in za ta shiga Njamena ta arewacin Kamaru, sai ta kai Kusuri ta bi layin Ngeli. Yanzu tana da wata ƙofar. Idan kamfanonin fiton kaya da masu rumbuna suka ga Bongor ta fi sauƙi, a hankali za su raba ƙafa. Cunkoso zai ragu a Ngeli, abin da kowa zai yi maraba da shi, amma cinikin mai shayi, mai faci, ɗan dako da ɗan canji zai ragu tare da shi.

Shawararmu ga 'yan uwa fatake ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biya hayar shago ta shekara biyu, tambayi direbobi da masu fito ta inda kayansu ke bi a bana. Kafin ka sayi fili don an ce kamfani zai zo, je ka gan shi a watan Agusta, kuma ka tabbatar takardarsa ta hukuma ce, ba ta dillali ba. Kada ka jingina duk jarinka a kan kamfani ɗaya ko hanya ɗaya. Sannan shugabannin kasuwa su riƙa zuwa wurin magajin garin gunduma da kansilolin da aka zaɓa a Disambar 2024 da buƙatu a rubuce: magudanar ruwa, tashar manyan motoci, da sanarwa a kan lokaci kafin a tayar da kasuwa. Kamfani baƙo ne, ran da riba ta kira shi wani wuri zai tafi. Mai unguwa da ɗan kasuwa su ake bari da gari.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.