Sulken da Ke Makantar da Mai Shi

Idan aka ce tankar yaƙi, abin da yawancinmu muke fara tambaya shi ne tsawon igwarta da kaurin ƙarfenta. Ni kuwa a ganina akwai abu biyu da suka fi waɗannan muhimmanci, wato ko mutanen da ke ciki suna ganin waje, da kuma ko suna iya fita in wuta ta kama.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. A zamanin da, 'yan lifida su ne tankokin sarki. An naɗe doki da mahayi da lifidi, ga kwalkwali a ka, kibiya ba ta ratsawa da sauƙi. Amma saboda nauyi, in barde ya faɗi ba ya tashi sai an ɗaga shi, audugar da aka cusa a ciki kuwa ba ta shiri da wuta.

Haka abin yake ga tanka. Duk tagar da aka huda rauni ce ga sulke, don haka direba da kwamanda ta 'yan ƙananan madubai suke leƙe, kamar mai kallon kasuwar Makarfi ta kafar mabuɗi. A 1941 tankar Rasha T-34 ta fi na Jamus sulke, amma kwamandanta shi ne kuma mai saita igwa. Ina zai sami idon duba abokan gaba? Sau da yawa sai an harbe su kafin su san inda harbin ya fito. Sai a 1944 aka faɗaɗa kan tankar ya ɗauki mutum uku. Kwamandojin Isra'ila kuma a yaƙin 1973 sun zaɓi su fito da kawunansu waje don su gani, da yawa suka halaka ta haka. Gaba kura, baya sayaki ke nan.

Batun fita ya fi damuna. Tankar T-72, irin wadda sojojinmu suka yi yaƙin Boko Haram da ita a 2015, gajera ce, tana da wuyar hange daga nesa, kuma mutum uku kawai take ɗauka domin na'ura ce ke ɗura igwa. To, amma harsasai 22 na wannan na'ura a ƙarƙashin mazaunin mutanen suke jere. In wuta ta kai gare su, kan tankar kan yi sama gaba ɗaya, kamar yadda aka sha gani a Yukren tun 2022. Abrams ta Amurka kuwa a wani ɗaki na baya ake ajiye yawancin harsasanta, da ƙofar ƙarfe a tsakani, da murfin da zai ɓalle a sama wutar ta fita waje. Tana da tsada da shan mai, ban musa ba.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, cikin samarin Ikara da Makarfi da Kudan akwai masu zuwa Depot ta Zariya, wasu kuma su ƙare a rundunar motoci masu sulke ta Bauchi. Su ne za a rufe a cikin ƙarfen nan. Saboda haka nake ganin kafin gwamnati ta sayi tanka, ko kamfanin DICON na Kaduna ya ƙera wata mota irin Ezugwu ta 2019, a sa direban da ya taɓa shiga dajin Sambisa ya zauna ciki, a rufe murfi, ya faɗi abin da yake gani, sannan a duba agogo a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya fito.