Tsoron allurar barci ba hujjar guje wa asibiti ba ne

Jama'ar Tudun Wada, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da zarar wani ya faɗo daga keke ya karye kusa da gwiwa, sai dangi su ce, "Kar a kai shi asibiti, za su sa shi barci ya ƙi farkawa." Sai a nufi gidan mai ɗori.

Wannan hujjar ta tsufa. Yau likita na iya kashe ƙafar kaɗai. Manyan jijiyoyi 2 ke kai saƙon zafi daga wurin, ɗaya ta gaban cinya, ɗaya ta baya. A yi allurar magani irin bupivacaine kusa da su, zafi ya ɗauke na sa'o'i, mutum idonsa biyu. Akwai kuma allurar baya, wadda ake yi wa mata a tiyatar haihuwa.

Masu cewa ɗori ya fi araha, ku sani babbar jijiyar jini tana bayan gwiwa. Karyayyen ƙashi na iya yanke ta, kumburi da ɗaurin kara na iya toshe ta. Jini ya tsaya kamar awa 6, nama ya fara mutuwa. Mai ɗori ba shi da na'urar gano haka. Wace araha ce a yanke ƙafar magidanci?

Ga JUTH a Lamingo, ga Plateau Specialist, ga Jankwano. Ku je, ku tambayi likita wace allura ta dace, domin shi zai duba kumburin ya zaɓa. In kuɗi ne matsalar, mu haɗa asusun gaggawa a ƙungiyar nan.