RA'AYINMU: Wayarka Ce, Amma Kunnuwan Ba Naka Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana ji da gani, kuma zai tambaye mu a kansu ranar gobe ƙiyama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa. Bayan haka:

Wataƙila wani daga cikin 'yan'uwa masu karatu ya yi mamaki, ganin cewa a wannan wata, alhali ƙasar Gobir tana cikin halin da kowa ya sani, sai ga shi mun ɗauko zancen ƙarar wayar hannu da sifikar mota. Muna roƙon a yi mana uzuri a karanta zuwa ƙarshe. Haƙiƙa abin da ake raina wa ƙanƙanta shi ne yakan daɗe yana ɓarna ba a ankara ba, kuma wannan matsala, kamar yadda za a gani, ta taɓa lafiyar jiki, ta taɓa haƙƙin maƙwabci, ta taɓa alfarmar Alƙur'ani, har ma ta taɓa tsaron rayuka.

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Sakkwato zuwa Sabon Birni ta Goronyo, ko zuwa Isa ta Marnona da dajin Gundumi, ya san abin da muke nufi. Da zarar mota ta bar tasha sai direba ya haɗa wayarsa da rediyon motar, ko dai ta 'yar igiya ko ta Bluetooth, ya murɗa ƙara har iyakarta. Shi yana gaba, gilashinsa a sauke, iska tana kaɗa masa kunne, saboda haka a wurinsa sautin bai kai ya kawo ba. To amma a motoci da yawa manyan sifikun a baya suke, daidai ƙeyar waɗanda aka cunkusa a can: tsohuwar da za a kai asibiti, mai jego da jaririnta, dattijon da ya kwana biyu bai runtsa ba. Su ne ke shan abin da direba ya dafa, sa'a biyu ko uku, ba wanda ya nemi shawararsu. Kunya ta hana su magana, shi kuma rashin lura ya hana shi tambaya.

Kafin mu nuna kowa da yatsa, wajibi ne mu fara da kanmu. Da a ce kiɗa da waƙe-waƙen banza ne kaɗai ake ƙure wa ƙara, da rubutun nan ya zo mana da sauƙi, domin kowa ya san abin da za mu ce. Gaskiyar magana ita ce, kaso mai yawa na wannan hayaniya wa'azi ne da karatun Alƙur'ani, kuma masu sakin ta 'yan'uwanmu ne masu kyakkyawar niyya, waɗanda suka ɗauka cewa gwargwadon ƙarfin sauti gwargwadon lada. Mai shagon cajin waya ya kafa sifika a bakin titi, mai shayi ya kafa tasa, ɗan kabu-kabu ya rataya 'yar ƙaramar da ake kira MP a wuyan babur. Malamai uku suna magana a lokaci guda a cikin taku ashirin, ba wanda ake fahimta a cikinsu, ga ayoyin Allah suna tashi a kan ciniki da rantsuwa da shewa.

Shin haka magabata suka yi? Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Ƙatada cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya fita wani dare ya wuce Sayyidina Abubakar yana salla yana karatu ƙasa-ƙasa, ya wuce Sayyidina Umar yana karatu da ɗaga murya. Da ya tambaye su, kowannensu ya kawo dalili mai kyau: Abubakar ya wadatu da cewa Wanda yake ganawa da Shi yana jin sa, Umar kuwa yana son ya farkar da mai gyangyaɗi ya kori Shaiɗan. Duk da haka sai ya umurci Abubakar ya ɗan ɗaga, ya umurci Umar ya ɗan sassauta. A lura da kyau: niyyar Umar ba ta da aibi, kuma abin da yake karantawa Alƙur'ani ne, amma hakan bai hana a ce masa ya rage ba. Haka nan a hadisin Abu Sa'idul Khudri, lokacin da Annabi yake i'itikafi ya ji mutane suna bayyana karatu a masallaci, sai ya yaye labule ya hane su da cutar da junansu da ɗaga murya a kan juna. Idan an hana mai karatu da bakinsa ya dami mai karatu irinsa a cikin masallaci, ina ga wanda ya saki na'ura a kan maras lafiya ya juya yana hirarsa?

A aya ta 110 ta Suratul Isra'i Allah Ya yi umurni da bin tsaka-tsaki tsakanin bayyanawa da ɓoyewa, kuma Buhari ya kawo daga Ibnu Abbas cewa ta sauka ne a Makka, lokacin da mushirikai ke zagin Alƙur'ani idan sun ji an ɗaga murya da shi. A nan akwai darasi babba ga mai da'awa. Mutumin da ka hana barci da wa'azi ba ka jawo shi ga wa'azin ba, ƙyamarsa ka dasa masa, ko da bai furta ba. Amma aya ta 204 ta Suratul A'araf, wadda ta yi umurni da saurare da yin shiru idan ana karatu, mun san da yawa daga malaman tafsiri sun ce a kan salla ta sauka, saboda haka ba za mu ɗora wa ɗan kasuwar da ke cinikinsa zunubi ba. Tambayarmu tana kan wanda ya kunna karatun a inda ya tabbata ba za a saurara ba. Ko a ƙasar Saudiyya, a shekarar 2021 ma'aikatar harkokin addini ta taƙaita lasifikokin wajen masallatai ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarar ta wuce sulusin ƙarfin na'urar, kuma tun kafin nan Shaikh Ibnu Usaimin ya yi fatawar hana watsa karatun salla a waje idan zai dami maƙwabta da sauran masallatai.

Ta fuskar lafiya kuwa, masana suna auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu takan kai kimanin 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya jure desibel 80 har tsawon sa'a 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan sautin ya kai 90 sai lokacin ya faɗo zuwa sa'a 4 kacal a mako. Sa'a 4 kuwa ai tafiya ɗaya ce da dawowa. A cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda ke karɓar sauti, idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma ba sa mutuwa rana ɗaya, a hankali suke tafiya. Alamar farko ita ce ƙugi ko shiiii ɗin nan da mutum ke ji bayan ya sauka daga mota. Hukumar ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan saurare. Direba da yaron mota, waɗanda kullum suna ciki, su ne farkon waɗanda za su biya. Kuma ba sai da na'ura ake ganewa ba: idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to ƙarar ta wuce kima. A Nijeriya ma akwai dokar taƙaita hayaniya ta shekarar 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, sai dai Musulmi bai kamata ya jira hukuma ta zo ta rage masa rediyo ba.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya keɓanci Isa da Sabon Birni. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu da motar da 'yan bindiga suka ƙona da fasinjojinta a kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021, inda fiye da mutum 20 suka rasu, ko kuwa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, wanda aka tare a hanya a watan Yuli na 2024 kuma ya rasu a hannunsu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba muna cewa ƙarar sifika ce ta jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan musibu ba, wal'iyazu billahi, masu laifin sanannu ne. Abin da muke cewa shi ne, a irin wannan hanya kunnen direba kayan aiki ne kamar birki. Ƙarar harbi daga nesa, gurnanin babura masu yawa a cikin daji, odar motar da ta juyo tana gargaɗi, kiran manomin da ke gefen hanya yana cewa a koma, duk da kunne ake tsinkayar su, sau da yawa tun kafin ido ya ga komai. Wanda ya ɗauko rayukan mutane ya toshe wannan ƙofa da hannunsa, lalle ya yi sakaci da amana, ko da kuwa tafsiri ne yake saurare. Haka abin yake a ƙauye da dare, inda mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Sifikar da ke tashi a dandali har tsakar dare tana rufe haushin kare da kiran maƙwabci.

Akwai kuma wata ɓaraka da mutane ba su cika lura da ita ba. Wayar da aka haɗa da mota ta Bluetooth ba wa'azi kaɗai take turawa ba, har kira da saƙon murya na WhatsApp ta sifika suke fitowa. Sai a kira direba ya amsa, mai kiran bai san mota guda ke sauraren sa ba, ya shiga faɗin wane ya sayar da shanu, wane zai taso da kuɗi gobe, ko ya faɗi sirrin gida. A yankin da kowa ke kuka da masu kai wa ɓarayin daji labari, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Ko babu ɓarayi ma, maganar da ɗan'uwanka ya yi maka yana zaton kai kaɗai ne amana ce, bai halatta ka baza ta ba sai da saninsa.

Adalci ne mu faɗi cewa wani ɓangare na matsalar rashin sanin na'urar ne. A zamanin kaset maɓalli ɗaya ne, ka murɗa ya ƙaru, ka murɗa ya ragu. Yanzu waya tana da nata ma'aunin, rediyon mota yana da nasa, sannan kowane karatu da ƙarfin da aka naɗe shi. Tun ma ba a lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato a watan Satumba na 2021 ba, har da Isa da Sabon Birni, wayoyi da yawa sun koma rumbun memori, an tara musu karatu daga ko'ina. Wa'azin da aka naɗa da waya daga bayan taro yakan fito a shaƙe, sai direba ya ƙure waya ya ƙure rediyo don ya ji, da ya ƙare sai ƙira'ar da aka naɗa a ɗakin naɗar sauti ta biyo baya ta fashe kamar aradu, jariri ya firgita, direban kansa ya kai hannu yana lalube alhali yana tuƙi.

Maganin ba shi da wuya. A rage rediyon mota tukuna kafin a haɗa waya. A ajiye ƙarar wayar a wajen kashi uku cikin huɗu a bar ta nan, domin ƙure ta yakan sa sauti ya dusashe idan ta igiya aka haɗa, sannan a riƙa ƙari da ragi daga rediyon, wanda ke kusa da hannu. A wasu wayoyin Android ma'aunan biyu sukan haɗe su zama ɗaya idan ta Bluetooth ne, to sai a gwada tun mota tana tsaye. Yawancin rediyoyin mota suna da wurin karkatar da sauti gaba ko baya, sai direba ya maido shi gabansa tunda shi ke so, ya sauƙaƙa wa na baya. A cikin saitin Bluetooth kuma ana iya kashe fitar kira ta sifika a bar na karatu kaɗai. Yaron da ke shagon caji zai yi wa mutum duk wannan cikin minti biyu. Mu ƙara da tunatarwa ga masallata: a yawancin wayoyin yanzu maɓallin gefe ƙarar karatu da bidiyo yake ragewa, ƙarar shigowar kira tana nan yadda take, shi ya sa mutum zai rantse ya rage amma ta tashi a tsakiyar sahu.

Muna kira ga limamai da masu wa'azinmu na Isa da Sabon Birni da kewaye su ware wa wannan magana ko da huɗuba guda, kuma su fara da duba lasifikar masallacinsu: ina bakinta ya fuskanta, gidan wa take bugawa, kuma shin akwai bukatar ta waje bayan an tayar da iƙama? Shugabannin direbobi a tasha su sanya shi cikin ƙa'idojinsu, cewa a wuraren da aka san da haɗari a kashe sauti gaba ɗaya har a wuce. Shi kuma fasinja ya sani yana da haƙƙin ya ce, "Malam direba, don Allah a ɗan rage mana," kuma wanda ya faɗi haka ba maƙiyin wa'azi ba ne, kada a harare shi, kada a ce masa Shaiɗan ne ke damun sa. Idan tsohuwa ko mai jego ta kasa faɗa saboda kunya, namijin da ke kusa ya faɗa a madadinta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.