Neman halal bai kamata ya cinye gida da sujada ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da dama a Rigachikun sun koma aiki biyu. Malami na tashi daga makaranta ya kama tuƙin keke a kan titin Kaduna zuwa Zariya, mai shago kuma ba ya rufewa ko ran Lahadi. Ra'ayin wannan jarida shi ne ƙwazo wajibi ne, amma bai kamata ya raba mutum da iyalinsa da ibadarsa ba. Koyarwar Kirista ba ta yarda da zaman kashe wando ba. Manzo Bulus kansa ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da Bilkisu, don kada ya zame wa kowa nauyi. Sai dai Littafi Mai Tsarkin da ya yabi aiki shi ne kuma ya ware kwana ɗaya cikin bakwai domin hutu. Uban da ke fita da asuba yara na barci, ya dawo sun sake yin barci, ya ciyar da su amma ya bar tarbiyyarsu a hannun titi da waya.

Saboda haka muna kira ga fastoci da shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN da su rage yawan tarurrukan tsakiyar mako, su bar wa iyalai yammacinsu. Masu ɗaukar ma'aikata su ba kowa ranar hutunsa, Kirista ko Musulmi. Magidanci kuma ya tsayar da lokacin cin tuwon dare da addu'a tare da iyalinsa.