Teɓar Aamir Khan da Masu Horon Yunwa

Duk wanda ya kalli Dangal (2016) ya ga Aamir Khan da teɓa kamar randa, ya kuma gan shi a saurayi ɗan kokawa, jiki a murɗe. Wallahi ba siddabarun kyamara ba ne. Sai da gogan ya kai kilo 97, aka ɗauki wuraren tsufan, sannan ya sauke wajen kilo 25 cikin kimanin wata biyar.

To, masu son kwaikwayonsa a nan, musamman 'yan matan da ke mafarkin zama taurari, sun ɗauka sirrin shi ne yunwa. Yarinya ta ƙi karyawa, ta wuni tana tiƙar rawa a lokeshan har jiri ya kwashe ta, da dare kuma ta huce a kan gurasa da lemon kwalba biyu. Ina ramar take?

Abin lissafi ne. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mace na buƙatar wajen 2,000 a rana, namiji 2,500. In an rage 500 kullum, kusan rabin kilo zai tafi a mako. Kuma ba sai an bar tuwo ba: babban cokalin mai ɗaya kaɗai ya kai 120, lemon kwalba kusan 150.

Sai dai lissafin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jiki in ya ragu, buƙatarsa ma raguwa take yi, shi ya sa sikeli kan cije bayan 'yan makonni. A nan ake ɗan ƙara ragewa. Ranar rawa ko motsa jiki mai tsanani kuwa, ƙara loma ake yi. Shi Aamir ma da masanin abinci da mai horarwa a gefensa ya yi nasa.