Sunayen Sassan Maɓallin Agogo

Masu sauraro da yawa suna ɗaure da agogo a hannu, amma kaɗan ne za su iya faɗin sunan ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi. Hausawa kuwa sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Ranar da ƙarfen nan ya saki, agogo mai tsada sai ya faɗi a kasuwa, mai shi bai sani ba.

Maɓalli mai naɗewa, wanda kamfanin Cartier na birnin Faris ya fito da irinsa wajen 1910, sassa huɗu ne manyansa. Akwai ƙarafa biyu masu faɗi waɗanda ke ninkuwa, ɗaya bisa ɗaya. Akwai mahaɗin da suke lanƙwasawa a kansa. Akwai abin da ke kifuwa bisansu ya kama. Sa'an nan akwai wani ɗan bututu mai sifirin a ciki, wanda ke tura bakinsa biyu cikin huda, shi ne ke haɗa maɓalli da sarƙa. In sifirin ɗin ya yi tsatsa ko ya gaji, haɗin sai ya saki.

To, ga inda wahala take. Mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari ta Kano da Ingilishi ya kan kira sassan nan, ɗan'uwansa na Maraɗi kuwa da Faransanci. A Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, akwai mutanen Nijar da yawa da ke zaune. In aka aika wa ɗayansu daga gida ya sayo wani sashe, aka ce masa "ɗan ƙarfen nan na ciki", lalle yana iya aiko da abin da ba shi ba ne, kuɗi da kwanaki su tafi a banza.

Waɗansu za su ce aro ba laifi ba ne, tun da kalmar agogo kanta daga Yarbanci aka samo ta. Gaskiya ne. Amma agogo kalma ɗaya ce da kowa ya yarda da ita, nan kuwa aro iri biyu ne, kowane a gefensa na iyaka.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Ƙarafa biyun nan a kira su fukafukai, mahaɗinsu gwiwa, na bisansu murfi, ɗan bututun kuwa sakata, domin aikin sakatar ƙofa ya ke yi. Kowane yanki na sarƙa kuma gaɓa ne. Yaron da ke koyon sana'a da ya ji sunan ya gane aikin.

Hukumar Hausa da aka kafa cikin 1955 ta yi irin wannan aiki na tsara kalmomi. Ya kamata malaman Hausa na Jami'ar Bayero da na Yamai su zauna bakin teburin masu gyara, su ji sunayen da suka riga suka laƙaba, su zaɓi ɗaya ga kowane sashe, a buga shi kowa ya sani.